Gyaran gidan katako a Ayuttaya, daga Nuwamba zuwa Yuni

9 ga Nuwamba, 2024

Yau muka buɗe gidan. Shekara shida ke nan ba wanda ya kwana a ciki, tun rasuwar kakan maiɗakina, Allah ya jiƙansa. Yana unguwar Musulmi ta Klong Takiyan, kudu da tsohon birnin Ayuttaya na ƙasar Tailan, kusan kilomita 80 daga Bankok inda nake sana'ar duwatsu masu daraja. Surukata ta ce in za mu gyara mu zauna, namu ne.

Irin gidan da suke kira ruen tai ne: katako zalla, an ɗaga shi a kan ginshiƙai har mutum ya wuce ta ƙarƙashi ba tare da ya sunkuya ba. Babban ɗaki ɗaya, ƙarami ɗaya, baranda mai rufi, sai wani fili a sama wanda ba rufi, shi ne tsakar gidansu, suna ce masa chan. A jikin ginshiƙan akwai baƙin layi da ya kai ni kafaɗa. Nan ruwan 2011 ya tsaya, shekarar da ambaliya ta shafe Ayuttaya. Maƙwabtan da suka yi ginin bulo a ƙasa sun tafka asara. Mutanen gidan nan kuwa kwale-kwale suka ɗaure a matakala, suka ci gaba da girki a sama.

Na zo da lissafina a takarda: saitin kujeru masu laushi, kafet bango zuwa bango, silin, na'urar sanyaya ɗaki, labule masu nauyi, fitilu, sannan in sayo 'yan kayan ado na Tailan in jera. Kafintan da surukata ta kira dattijo ne mai addinin Buda, kowa Lung yake ce masa, wato kawu. Na karanta masa takardar, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Bang, ka kwana uku a ciki tukuna, sai mu yi magana." Bang shi ne yaya, haka ake kiran namiji Musulmi a nan.

23 ga Nuwamba, 2024

Na kwana ukun, a kan tabarma, cikin gidan sauro. Abin da na fara lura da shi iska ce. Tana shiga ta tsakanin katakan dandamalin baranda, ta bi tagogi, zafi ya hau can ƙololuwar rufi mai tsini ya fice. Da na sa silin da na toshe wa gidan hanci. Na soke shi daga takarda tun daren farko.

Na biyu ya tayar mini da hankali. Na saki igiya mai dutse daga saman bango, sai na ga bangon ya karkata ciki, duka huɗun. Na kira Lung da sassafe na ce gidan zai faɗi. Ya zo, ya nuna mini ginshiƙan: da gangan aka dasa su a karkace, kawunansu na neman juna, don nauyin rufi ya matse su wuri guda, iska mai ƙarfi ba ta raba su ba. Saboda haka ma ƙofofi da tagogi sun fi faɗi a ƙasa, suna tsukewa zuwa sama. Ka ga ke nan duk wata wardrob ta kanti da ka jingina da bangon nan sai ƙasanta ya bar rata. Tsofaffin kabad ɗinsu ma haka ake sassaƙa su, gindi da faɗi, kai a tsuke. A da ina ɗaukar wannan ado ne kawai.

Bangon kansa ba a jikin gidan aka yi shi ba. A ƙasa ake haɗa shi, ƙananan alluna cikin firam kamar saƙar dara, sunansa fa pakon, sai a ɗaga shi ɗungurungum a rataya a ginshiƙai, a kafe da turakun katako. Ana iya kwance gidan gaba ɗaya a loda a jirgin ruwa a kai shi wani gari. A harshensu ma ba sa cewa gina gida, shuka gida suke cewa.

Dokin ƙofar babban ɗaki ya kusa kai ni gwiwa, kuma ba a taka shi, tsallakewa ake yi. Lung ya ce mai tsaron gida na zaune a ciki. Surukata ta ce ita dai ta san yana riƙe firam, yana kuma hana yaro mai rarrafe fita ya faɗo. Na tuna yadda kakata ke kore mu daga dokin ƙofa da magariba.

Gara ta cinye ginshiƙai biyu na baya. Su kaɗai ne ba na itacen tik ba, an musanya su a wani gyara na baya. Tik, wanda suke kira mai sak, yana da maiƙo a jikinsa da gara ba ta so. Samunsa ne aiki. Tun Janairun 1989 gwamnati ta hana sare itace a dazuzzukan ƙasar, bayan ambaliya da zaftarewar ƙasa da suka kashe ɗaruruwan mutane a kudu a Nuwamban 1988. Yanzu ko dai ka sayi na gona, wanda bai tsufa ya yi maiƙo sosai ba, ko ka nemi na tsofaffin gidaje da rumbunan shinkafa da aka kwance. Na biyun muke nema.

14 ga Disamba, 2024

Ni da maiɗakina mun je gidan Jim Thompson a Bankok. Shekara goma ina wuce shi ban taɓa shiga ba. Ba'amurke ne da ya karanci zanen gini, ya zauna a nan bayan yaƙin duniya na biyu, ya kafa kamfanin siliki a 1948. Tsofaffin gidajen tik shida ya saya, wasu daga yankin Ayuttaya, ya haɗa su wuri guda a bakin mashigin ruwa na Saen Saep, ya tare a 1959. A Maris na 1967 ya fita yawo a tsaunukan Kamaron na Malesiya, har yau ba a sake ganinsa ba.

Gidan yana da kyau, ba musu. Amma yanzu da na san yadda na ainihi yake, ina ganin inda ya juya abubuwa don su dace da zaman Bature. Matakala ya shigo da ita cikin gida, alhali tasu a waje take. Ya shimfiɗa marmara baƙi da fari na Italiya a mashiga. Bangon falo ya juya shi, fuskar da ya kamata ta kalli waje ta koma ciki don baƙi su gani. Ga fitilar gilashi ta Turai tana lilo a sama, ga gumaka a kowane lungu da haske a kansu. A ganina, yawancin abin da otal-otal ke sayarwa da sunan salon Tailan daga nan ya samo tushe: katako mai duhu, matasan siliki masu ƙyalli, kan gunki a kan teburi. Talakan Tailan mai bin addinin Buda ba ya ajiye siffar Buda don ado. Wuri na musamman yake ware mata, sama da kan mutane, kuma ba a miƙe ƙafa wajenta.

Mu dai gumaka ba namu ba ne, don haka maganar ajiye su a gidanmu ta wuce. Abin da ya fi zauna mini a rai yana ƙetaren ruwan. Unguwar Ban Krua ce, ta Musulmi 'yan ƙabilar Cham da suka zo daga Kambodiya, waɗanda Sarki Rama na Ɗaya ya ba fili saboda sun yi masa yaƙi. Su ne masaƙan da suka saƙa wa Thompson silikin da ya yi suna da shi. Mun haye gada, muka bi lungu har muka ji ƙarar masaƙa. Gidaje kaɗan suka rage a sana'ar. Mun sayi yadi huɗu, ruwan ƙasa mai ratsin ja.

5 ga Janairu, 2025

An yi mini sakiyar da ba ruwa. Wani dillali ya kawo ginshiƙai biyu ya rantse tsohon tik ne, na biya ba tare da Lung ya gani ba. Da ya zo ya kankare gefe da wuƙa, ya shinshina, ya miƙo mini. Tik na gaske warin fata yake yi, kamar ka shiga rumfar dukawa, kuma yatsa na jin santsin mai. Wannan a bushe yake, an shafa masa launi ne. Dillalin ya daina ɗaukar waya. Za mu yi benci da su a ƙasa.

Sauran makon a kankare fenti ya tafi. Wani ya taɓa shafe bangon ciki da koren fentin mai. Muna cire shi a hankali, allo bayan allo, da samfefa mai laushi, sai launin zuma ya fito. Na so a zuba banish mai sheƙi, Lung ya ƙi. Ya ce banish na rufe katako ya hana shi numfashi, in damina ta zo ya kumbura ya ɓare. Mai kawai za a shafa, siriri, sau uku. Daɓen kuwa, faffaɗan katakai ne da tafin ƙafar mutane ya goge shekara da shekaru. Surukata ta ce a da da tuƙar kwakwa da aka matse ake goge shi. Haka za mu yi.

26 ga Janairu, 2025

Yau maganar gado ta ci mana yini guda.

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa, gabas da alƙibla abu ɗaya ne a bakinmu. A nan alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Shekara goma ina salla haka, amma ban taɓa tunanin abin zai shafi inda zan ajiye gado ba. Lung ya auna ɗakin ya ce kan gado gabas, don a al'adarsu ba a kwana da kai a yamma, can ake juya kan mamaci. To in kai na gabas, ƙafafu sun miƙe wa alƙibla ke nan, abin da ni da maiɗakina ba za mu yi ba. In muka juya, shi kuma ransa ba zai kwanta ba, kuma mutumin nan da zuciya ɗaya yake mana aiki. Na zana masa ɗakin a ƙasa da alli na nuna masa inda Makka take. Ya yi shiru, sannan ya juya allin da kansa: kai arewa, ƙafa kudu. Wanda ya kwanta haka a kan hannunsa na dama, fuskarsa na kallon alƙibla. Shi ma bai ga aibu a arewa ba.

Wani abin da ya zo mana daidai: gidajen nan ana shuka su ne tsawonsu na bin rana, gabas zuwa yamma, don gefen da ya fi ƙanƙanta ya sha zafin hantsi da na la'asar. Saboda haka darduma na bin tsawon katakan daɓe, da 'yar karkata kaɗan. Mun ware kusurwar yamma ta babban ɗaki ba a sa komai ba sai ɗan kanta na Alƙur'ani a sama. Bayan gida za a gina a ƙasa da bulo, mazauninsa na kallon kudu.

15 ga Fabrairu, 2025

Kasuwar Catucak ta Bankok, tun safe har azahar. Saitin kujeru ya fita daga lissafi tuni, domin tagogin gidan a ƙasa suke. An yanke su ne daidai fuskar wanda ke zaune a daɓe. In ka hau kujera iska ta wuce ta cikinka, idonka kuma bango yake gani. In ka zauna a ƙasa sai ka ga ruwa da bishiyoyin ayaba. Daga nan na gane ashe duk kayan ɗakin Tailan na gargajiya gajeru ne saboda gidan ne ya yanke musu tsayi.

Mun sayi matasan nan masu kusurwa uku da ake jingina da su, mon khwan, wato matashin gatari. In ka dube shi ta gefe za ka ga ƙananan bututu ne aka ɗora kan juna: huɗu a ƙasa, sai uku, biyu, ɗaya, goma ke nan. Babban yana da goma sha biyar. Da ƙidayar nan ake cinikinsa. Wasu an ɗinka musu 'yar katifa mai naɗewa biyu ko uku. Mafi yawa daga ƙauyen Si Tan na lardin Yasoton suke zuwa, a arewa maso gabas. Mai shagon ta ɗan ɓarke bakin ɗaya don in ga ba soso ba ne a ciki, ta zaro farin abu mai santsi ta ɗora mini a tafi. Audugar rimi ce. Ita dai wadda muke tsinta muna yara in kwanson ya fashe, kakata ta cusa matashi da ita. Su nun suke ce mata. Na daɗe riƙe da ita a hannu.

Ta gargaɗe ni da abu ɗaya: ƙyallen da ke jikinsa mai zanen khit abin girmamawa ne a wurin masu saƙa shi, na kai ne da kafaɗa. Ba a zama a kai, ba a tsallake shi.

Tabarmi ban saya a nan ba. Na fi sanin na Cantaburi, garin da nake zuwa kasuwar duwatsu ran Juma'a, inda ake saƙa su da wata ciyawar bakin ruwa mai suna kok, ja da baƙi, masu laushi kamar yadi. A unguwar masu katako ta Bang Po kuma mun ba da aikin tang guda ɗaya, ɗan gajeren dandamali mai lanƙwasassun ƙafafu da suke kira ƙafar zaki. Shi ne kujera, shi ne teburi, shi ne gadon rana.

12 ga Maris, 2025

Azumi ya kai kwana goma, zafi ya sauka. Aiki sai da safe. Da rana duk muna ƙarƙashin gida, inda suke kira tai tun, kuma yanzu na san shi ne ainihin falon. Inuwa, iska ta ko'ina, ragar lilo biyu, bencin da aka yi da ginshiƙan bogi. Nan maƙwabta ke tsayawa a gaisa ba sai sun hau sama ba, kamar dai zaure. An samu ginshiƙan gaske daga wani rumbun shinkafa da aka kwance, Lung da kansa ya je ya shinshino su.

29 ga Maris, 2025

Jiya Juma'a, wajen ƙarfe ɗaya da minti ashirin, ƙasa ta motsa. Girgizar a Miyanma ta auku, kusa da Mandalay, mai ƙarfin 7.7, amma ta iso har nan. A Bankok wani dogon bene da ake ginawa kusa da Catucak ya rufta da ma'aikata a ciki. Allah ya jiƙan Musulmin da suka rasu a can da nan, ya ba iyalan kowa haƙuri.

Ina dawowa daga masallaci na tarar da Lung yana bin mahaɗan katako ɗaya bayan ɗaya da 'yar guduma. Yana sama lokacin da abin ya faru. Ya ce gidan ya yi lilo yana ƙara kamar kwale-kwale, sannan ya koma mazauninsa. Turaku biyu suka ɗan fito, ya mayar da su. Ba abin da ya tsage.

20 ga Afrilu, 2025

An gama bikin ruwa na Songkran, ma'aikata sun dawo. Mun shiga maganar launi da jere, kuma nan ne ni da maiɗakina muka fi ja.

Tana da kwanonin tangaran shida masu murfi da ta gada, irin benjarong. Sunan na nufin launi biyar. A zamanin da Ayuttaya ke babban birni a Sin ake yin su bisa odar fadar Siyam, wato Tailan ta da, yanzu kuma ana zana su da hannu a lardin Samut Sakon. Nata furanni ne da ganye zalla, ba siffar mutum ko dabba, da zaren zinariya a baki. Ni da na tashi ina ganin jeren ɗakin amarya, kwalla kan kwalla har rufi, sai na ce mu ƙaro talatin mu cika bango guda. Ta ce in an cika bangon, wa zai ga bangon? Wata biyu muka yi muna kankare shi. Na so in yi gardama, sai na je na tsaya a ƙofa da la'asar, lokacin da rana ke shigowa a kwance tana bin allunan fa pakon, kowane da inuwarsa. Ta fi ni gaskiya. Shidan suna cikin ƙaramin kabad mai gilashi, su kaɗai.

Inda na samu nawa shi ne shuni. Ina da zane biyu na rinin Ƙofar Mata da na zo da su daga Kano. Ita kuma ta sayo na lardin Sakon Nakon, inda mata ke rini da baba, suna ce masa khram, a tukwane maimakon rijiyoyin marina. Muka shimfiɗa su gefe da gefe a kan tang. Namu ya fi duhu da ƙyallin bugu, nasu ya fi taushi da haske, amma warin ɗaya ne. Nasu ya zama labulen ƙofar ɗaki, namu ɗaya ya rufe katifa. Silikin Ban Krua an yi rigunan matasai huɗu da shi, ya isa. Tagogi ba labule, ƙyaurensu na katako ya wadatar.

18 ga Mayu, 2025

Damina ta faɗi. Ruwan farko ya nuna mana wuri biyu da ke yoyo, inda rufin ɗaki ya haɗu da na baranda. An sauya fale-falen yumɓu goma sha ɗaya. In ban da nan, tsinin rufin na zubar da ruwa nan take, kuma 'yar rumfar da ke zagaye da bango tana barin mu buɗe taga ana tsaka da ruwa.

Asarar da na yi ta kayan gida ce. Tumtum biyu na fata da na kawo daga Kano, masu aikin dagi, cikin kwana goma suka yi furfurar fumfuna. Na goge, na shanya, ta dawo. Fatar da aka jeme don iskar hunturu ba ta jure danshin nan. Na naɗe su na kai shagona a Bankok inda akwai na'urar sanyi. Ya yi mini ciwo, don na so a ce akwai su a ɗakin. Audugar rimin kuwa ko a jikinta, ba ta shan ruwa.

A gindin matakala mun ajiye babbar randa ta Racaburi da moɗa. Al'adarsu ce a wanke ƙafa kafin a hau gida, takalma kuma a ƙasa suke kwana. Randunan garin an san su da zanen dodo a jiki, mu mun zaɓi marar zane. Nan nake alwala.

14 ga Yuni, 2025

Mun tare ran Litinin. A babban ɗaki akwai tabarma biyu, tang, matasai, kabad ɗin kwanoni, fanka ɗaya ta tsaye, kantar Alƙur'ani. Daga takardar da na zo da ita a Nuwamba, fitilu kaɗai suka tsira, su ma ƙanana masu rufin gora da aka saƙa.

Maiɗakina na da ciki, haihuwa a Agusta in Allah ya yarda. Tun jiya surukata ta zauna a tai tun da busasshen ganyen lan, wani irin kaba, tana tsaga shi siri-siri tana saƙa kifi. Pla tapiyan ake ce masa, kuma sana'ar Musulmin Ayuttaya ce tun suna zaune a jiragen ruwa suna fatauci a kogin Cao Praya. Uwa ɗaya babba a sama, 'ya'ya na reto a ƙarƙashinta da zare, ana rataya shi a saman shimfiɗar jariri don idonsa ya riƙa bi. Kifin yakan yi ƙiba ne lokacin da shinkafa ta nuna, shi ya sa suke ganinsa alamar wadata. Ta riƙe hannuna ta nuna mini yadda ake naɗa zare biyu a yatsa a sarƙe su. Nawa ya fito da ƙaton ciki, ta karɓa ta ja wutsiyar ya daidaita, ta sa shi cikin 'ya'yan.

Abin da ya rage: ragar sauro a tagogin ƙaramin ɗaki, wadda dole a yanka ta a karkace, sai wayoyin lantarki da har yanzu ke bin bango a fili. Ƙahon katakon da ke ƙarshen rufi ta gabas, wanda suke kira ngao, mai kama da zankon soro, ya ruɓe, kuma Lung bai sami itacen da ya gamsar da shi ba. Matakala ma za a sake ta. Ta yanzu hawa takwas ce, ya ce ta mutane mara ake yi, bakwai ko tara. Na ce tara, don hawan ya yi wa mai ciki sauƙi. Ran Laraba zai zo ya auna, ya kuma duba gungumen da za a rataya shimfiɗar jaririn.